Ta Baki, Ta Rijiya, Ko a Sallama wa Ruwa: Wace Na'ura Za a Tura Ƙarƙashin Ƙanƙarar Antaktika?

A farkon shekarar 2024 wata na'urar nutso mai suna Ran, mallakar Jami'ar Gothenburg ta ƙasar Suwidin, ta kutsa ƙarƙashin ƙanƙarar Dotson a yammacin Antaktika. An tsara mata hanyar da za ta bi da wurin da za ta ɓullo. Masu bincike suna cikin jirgin Araon na Koriya ta Kudu suna dakon ta. Lokaci ya yi, shiru. Aka baza na'urorin sauraro cikin ruwa, aka tashi jirgi mai saukar ungulu, aka nema har aka gaji, ko ƙyallinta ba a gani ba. Na'urar da aka saya krona miliyan 38, kuɗin Suwidin, tana can kwance a wani lungu da ba mai iya zuwa.

Duk wanda zai zaɓi na'urar da za a tura irin wannan wuri, ko yana cikin kwamitin da ke riƙe da jakar kuɗin bincike, ko ɗalibi ne da ke tunanin ɗakin binciken da zai nema, daga wannan labari ya kamata ya fara lissafi. Hanyoyin shiga uku ne, kuma kowace da irin asarar da take jawowa.

Amma tukuna, me ake nema a can? Ƙanƙarar da ta lulluɓe Antaktika ba a zaune take ba, gangarowa take yi a hankali kamar kogi. Idan ta iso gaɓa sai ta zarce kan teku tana iyo, alhali bayanta na manne da tudu. Wannan ɓangare mai iyo shi zan kira rumfar ƙanƙara, don kuwa rumfa ce: rufi a sama, ruwa a ƙasa, duhu ko'ina. Kaurin rufin kan kai ɗaruruwan mita, a wasu wuraren ya haura 1,000. Rumfar Ross kaɗai ta kusa girman Faransa. Amfanin rumfar shi ne tana tokare ƙanƙarar da ke bayanta, kamar dutsen da ake sa wa tayar mota a gangare. Idan ta sirance, ta baya sai ta ƙara gudu zuwa teku. Abin da ke cin ta kuwa daga ƙasa yake zuwa: wani ruwa mai gishiri da ke shigowa ta ƙasan teku, zafinsa wajen digiri 1 ne kawai. Mu a nan wannan ruwan firij ne. Amma a wannan zurfin ruwan teku sai ya sauka ƙasa da digiri 2 a ƙarƙashin sifili kafin ya daskare, don haka ga ƙanƙara ruwan ɗumi ne. Kogin ƙanƙarar Thwaites, mai faɗin kusan kilomita 120, idan ya narke duka zai ɗaga tekun duniya da santimita 65. Mai gida a Legas ko Kwatano ko Keta ya san abin da wannan ke nufi.

Wurin da ya fi kowane muhimmanci shi ne gindin rumfar, daidai inda ƙanƙara ke rabuwa da ƙasa ta fara iyo. A riƙe wannan, domin shi ne ma'aunin da zan auna na'urorin da shi.

Wahalar wurin ɗaya ce ga kowa. Saƙon rediyo ba ya ratsa ruwan gishiri, balle GPS. Na'ura kan san inda take ne ta lissafi: tana auna juyawarta da saurinta, tana harba sauti zuwa ƙasan teku ko rufin ƙanƙara don ta gane yadda take gusawa, ta riƙa tarawa. Kuskure kaɗan a farko, bayan awa 20 ya zama babba. Abin da ya fi muni shi ne dabarar tsira. A buɗaɗɗen teku, na'ura in ta ga matsala sai ta yar da nauyin da ke jikinta ta taso sama ta kira gida. A ƙarƙashin rumfa, tasowa sama na nufin ta manne da rufi ta zauna nan har abada.

Hanya ta farko ita ce shiga ta baki. A kawo babbar na'ura mai cin gashin kanta cikin jirgin ruwa mai fasa ƙanƙara, a sauke ta gaban rumfar, a ba ta umarni, a sake ta. Ba igiya, ba waya. Turawan Birtaniya ne suka buɗe wannan hanya, kuma su suka fara shan ɗacinta: a watan Fabrairun 2005 na'urarsu Autosub2 ta shiga ƙarƙashin rumfar Fimbul ta dawo da bayanai, a shiga ta gaba ba ta fito ba. Ba su karaya ba. A Janairun 2009 suka kai Autosub3 gaban rumfar Pine Island, maƙwabciyar Thwaites, cikin jirgin Amurka Nathaniel B. Palmer. Tsawonta mita 7, nauyinta ya haura tan 3, kuma abin da ke ba ni dariya, da manyan batura irin na tocila take aiki, kusan 5,000 aka jera mata a ciki. Ta shiga sau shida, ta yi tafiyar sama da kilomita 500 a ƙarƙashin ƙanƙara. Sau ɗaya ta gwabza wa rufin, ta lallaɓo ta fito da rauni, aka gyara aka mayar da ita. Abin da ta gano ya sauya fahimtar masana: akwai wani tudu mai tsayin kusan mita 300 a ƙasan tekun, wanda a da ƙanƙarar ke zaune a kansa. Da ta saki tudun, ruwan ɗumi ya samu ƙofa ya riƙa kwarara bayansa yana ci.

Ka ga irin tambayar da wannan na'ura ke amsawa: yaya fasalin wurin yake, ta ina ruwan ke shiga, ta ina yake fita. Ba wata hanya da ta kama ƙafarta a nan. A 2018 wata na'urar Birtaniya mai suna Boaty McBoatface, wadda ta gaji sunan barkwancin da jama'ar Birtaniya suka zaɓa wa wani jirgi a ƙuri'ar intanet, ta yi awa 51 a ƙarƙashin rumfar Filchner, ta ci kilomita 108. Ran kuwa a 2019 ta leƙa ƙarƙashin Thwaites ta nuna cewa ruwan ɗumi na shigowa ta fuska fiye da ɗaya, har da ta gabas daga wajen Pine Island, abin da ba a zata ba. A 2022 aka so komawa Thwaites, ƙanƙarar teku ta tare hanya, sai aka karkata zuwa Dotson. Nan ta yi kwana 27 tana shiga tana fita, sama da kilomita 1,000 jimilla, ta kutsa har kilomita 17 ciki. Maimakon ta dubi ƙasa, sai aka juya na'urar amsa-kuwwarta sama, tana tafiya kusan mita 50 ƙasa da rufin tana zana taswirarsa. Da an ɗauka rufin sumul yake. Ashe akwai matakala, akwai kwaruruka, akwai wasu ramuka masu siffar ɗigon hawaye, wasu tsawonsu ya haura mita 100, duk ruwa ne ya sassaƙa su.

To ina aibinta? Na farko, girmanta. Can ciki inda rufi ke sunkuyowa ya haɗu da ƙasa, sarari na ƙuntata, kuma ba mai hankalin da zai cusa na'ura mai tsawon mita 7 marar igiya cikin wannan matsi. Wato tana zagaya gidan duka amma ba ta shiga uwar ɗaka, inda maganar take. Na biyu, bayanan na cikinta ne. In ba ta dawo ba, na wannan shigar sun tafi da ita. Na uku, jirgin. Jiragen bincike masu fasa ƙanƙara ƙalilan ne a duniya, ana bin layi shekaru kafin a samu gurbi, kuma lokacin aiki gajere ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin da muke fama da hunturu a nan. Ko an samu jirgin, ƙanƙarar teku ce ke yanke hukunci, kamar yadda ta yi a 2022.

Hanya ta biyu ita ce ta rijiya, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kan masu haƙa burtsatse zai gane ta nan take. Ana sauka a kan rumfar ta sama, a kafa tantuna daidai saman inda ake so, a huda. Sai dai ba da ƙarfe ake hudawa ba, da ruwan zafi ne. A tara dusar ƙanƙara a narkar da ita cikin manyan tankuna, a dafa ta kusan tafasa, a tura ta cikin dogon tiyo da ƙarfi, bakin tiyon na narkar da hanya yana sauka. A Janairun 2020 ma'aikatan hukumar binciken Antaktika ta Birtaniya sun yi haka a rumfar gabashin Thwaites: rami mai zurfin kusan mita 600, faɗinsa bai wuce santimita 35 ba, kimanin kilomita 2 daga gindin rumfar. Faɗin faranti ke nan. Kuma tun daga lokacin da aka zare tiyo ramin ke fara tsukewa, don sanyi na mayar da shi. Aiki ake yi da agogo a hannu, in ya matse a sake zura ruwan zafi a buɗa.

Cikin wannan rami aka zura Icefin, na'urar da tawagar Britney Schmidt ta ƙera a jami'ar Georgia Tech ta Amurka kafin su koma Jami'ar Cornell. Siririya ce kamar tabarya, kaurinta santimita 23, tsawonta ya haura mita 3. A tsaye take sauka, in ta fita ƙasan rufin sai ta kwanta ta kama iyo. Tana jan siririyar igiya mai zaren gilashi a ciki, wadda ke kai hoto kai tsaye zuwa tanti. Mutane na zaune cikin rigunan sanyi gaban allon kwamfuta, suna ganin abin da take gani a daidai lokacin, suna cewa juya nan, matsa can, tsaya mu duba wannan tsagar. Sau biyar ta nutsa, tafiyar kusan kilomita 15 jimilla, ta kai har inda rufi da ƙasa suka kusa haɗewa.

Kilomita 15, a gefen 1,000 na Ran, kamar abin dariya. Amma dubi abin da ya fito. Sakamakon da mujallar Nature ta buga a Fabrairun 2023 ya nuna cewa inda rufin yake shimfiɗe, narkewar ba ta kai yadda lissafin kwamfuta ya yi hasashe ba, mita 2 zuwa 5 ne a shekara. Dalili kuwa, ruwan da ya narke daga ƙanƙarar ba shi da gishiri sosai, ba shi da nauyi, sai ya kwanta a jikin rufin ya zama bargo tsakaninsa da ruwan ɗumi. Amma a cikin tsagogi da gefen matakala, inda bango ke tsaye, bargon ba ya zama, kuma nan narkewar ta ninka sau da yawa. Wato ba cin ƙanƙarar ake yi bai ɗaya ba, ta raunukanta ake shigar ta, kamar gara da ginshiƙi. Duk da narkewar ba ta da yawa a shimfiɗe, gindin rumfar ya ja baya kusan kilomita 14 tun ƙarshen shekarun 1990. Na'urar da ke wucewa mita 50 ƙasa da rufi da gudu ba za ta taɓa ganin wannan bargo ba. Sai wadda ta matso har ta kusa shafa shi.

Rijiya na da wata riba da ba a cika ambata ba. Bayan an zaro na'urar, ana zura ma'aunan zafi da gishiri da gudun ruwa a bar su a rataye, rami ya daskare a kan wayar, su ci gaba da aiki. Na Thwaites sun yi wata tara suna aiko da bayani. Haka nan mai neman halittu, ta rijiya ya fi samu, don shi gani yake so ba taswira ba. A 2010 wata 'yar na'ura mai igiya ta tarar da wasu halittu masu kama da fure sun kafe a jikin rufin Ross suna reto kai ƙasa. A Janairun 2015 wata ta sauka ta ramin mita 740 a gindin rumfar Ross, kusan kilomita 850 daga buɗaɗɗen teku, ta iske kifaye na yawo cikin ruwan da zurfinsa bai wuce mita 10 ba.

Igiyar ita ce ƙarfinta, ita ce kuma iyakarta. In injin ya mutu a jawo ta kamar guga. Masu neman Endurance, jirgin ruwan mai binciken Antaktika Shackleton da ya nutse tun da daɗewa, sun koyi wannan darasi a tekun Weddell: a 2019 na'urarsu marar igiya ta ɓace ƙarƙashin ƙanƙarar teku, a 2022 suka dawo da mai igiya suka samo jirgin a zurfin mita 3,008. Amma guga ba ya wuce tsawon igiyarsa. 'Yan kilomita kaɗan kewaye da rami, shi ke nan. In ka huda a wurin da ba shi ne ba, ka kashe shekara a kan labarin lungu ɗaya, kuma ba ka da tabbacin lungun na wakiltar sauran. Ga kuma ɗawainiya. Thwaites na da nisan kusan kilomita 1,600 daga manyan sansanonin Birtaniya da Amurka. Man da za a dafa ruwa da shi, tiyo, tankuna, janareto, abinci, duk sai an kai da taraktoci da ƙananan jirage masu sauka kan ƙanƙara, wani tun shekarar da ta gabata. Iska ta taso ta hana jirgi tashi mako biyu, kwanakin aikinka sun zube. A nan ba kasafai ake asarar na'ura ba. Kakar aiki ake asara.

Hanya ta uku ba ta da kwarjini, shi ya sa ba a cika jin ta a labarai ba. Ƙananan na'urori ne marasa farfela. Wasu kamar gorar masunta suke, sai dai suna iya nutsewa su taso ta hanyar tura mai cikin wata 'yar jaka da ke kumbura ta saki. Ruwa ke kai su inda ya ga dama. Wasu an sa musu fukafukai, sai nutsewar da tasowar su zama tafiya gaba, a hankali, kusan kilomita ɗaya a awa. Da yake ba sa cin batir, suna daɗewa. A Janairun 2018 Jami'ar Washington ta saki masu fukafukai uku da masu bin ruwa huɗu a bakin Dotson, bayan ta dasa wasu na'urori masu fitar da sauti a ƙasan teku don su zame musu alamar hanya. Sun shekara suna aiki, har da tsakiyar sanyin Antaktika, lokacin da ba jirgi ba mutum a yankin. Wannan shi ne abin da sauran biyun ba sa bayarwa: su hoton rani ɗaya suke ɗaukowa, alhali ruwan ɗumin na ƙaruwa yana raguwa daga wata zuwa wata, daga shekara zuwa shekara. Wani lokaci ma sa'a ke aiki. A Disamban 2022 wata mai fukafukai ta Jami'ar East Anglia, Marlin, ruwa ya fizge ta ya cusa ƙarƙashin rumfar Ross ba da niyyar kowa ba, ta kwana huɗu a ciki tana aune-aune, ta fito da bayanan da ba a aike ta nema ba.

Abin da suke kawowa dai zafi ne da gishiri da gudun ruwa. Ba taswirar rufi, ba hoton tsaga, kuma sau da yawa sai an yi lissafi daga baya kafin a san takamaiman inda aka yi awon. Amma kuɗin Ran ɗaya zai sayi tarinsu, kuma tun farko an sa a rai wasu ba za su dawo ba.

Ni da za a ɗora mini zaɓin, ga yadda zan yanke. In rumfar ba a taɓa shiga ƙarƙashinta ba, ba a san fasalin ƙasanta ba, kada a fara da rijiya. Huda a makance caca ce. A tura babbar na'ura ta baki ta zana wurin, amma da sharaɗi biyu: a kwashe bayanai duk fitowa kafin a sake mayar da ita, kuma a rubuta kuɗinta cikin kasafi a matsayin abin da ka iya salwanta, da inshorarsa. Tawagar da rasa na'ura ɗaya zai rufe mata ɗakin bincike, ba hanyarta ba ce wannan. In kuwa an riga an san fasalin, tambayar ta koma me ya sa gindin ke ja baya, kuma wane lissafi za a sa wa kwamfuta don hasashen tashin teku, to rijiya da siririyar na'ura mai igiya, a bar ma'aunai a rataye. A ganina nan kuɗi ya fi haihuwa, don kuskuren hasashen yau ya fi yawa ne a kan abin da ke faruwa cikin 'yan mitocin da ke manne da ƙanƙara a gindin, ba a tsakiyar rumfa ba. Ƙasa ko jami'ar da ba ta da jirgi ba ta da sansani, tana son ta sa hannu a aikin, ta sayi masu bin ruwa ta roƙi gurbi a jirgin wasu. Ɗalibi kuma ya dubi halinsa: mai son lissafin hanya da koya wa na'ura yanke shawara ita kaɗai, wajen masu cin gashin kansu zai ji daɗi, mai son ƙira da walda da kwana a tanti, wajen 'yan rijiya.

Akwai wuraren da duka ukun ke cijewa, kuma abin haushi su ne mafiya haɗari. Ramin 2020 a gefen gabas aka yi shi, inda ƙanƙarar ke tafiya a hankali. Tsakiyar Thwaites tana gudun sama da kilomita 2 a shekara, samanta duk tsagogi ne, kafa sansani a kai kasada ce babba. Bakinta kuma cunkushe yake da ɓaraguzan ƙanƙara da ke hana jirgi matsowa. Irin wannan wuri injiniyoyin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, a cibiyarta ta JPL suka sa a gaba da IceNode: na'ura mai tsawon mita 2.4 da kaurin santimita 25, ba farfela, a sake ta daga nesa ruwa ya kai ta ciki, ta taso ta buɗe ƙafafu uku ta dafe rufin, ta zauna har shekara tana auna narkewa a jikin ƙanƙarar, sannan ta saki ta bi ruwa ta fito ta aika da bayani ta tauraron ɗan'adam. Wato abin da ya kashe sauran, mannewa da rufi, shi suka mayar aikinta. A watan Maris na 2024 suka gwada samfurinta a tekun Beaufort, arewa da Alaska, a zurfin mita 100 ƙarƙashin ƙanƙarar teku. A wannan gwajin ma da igiya a ɗaure suka zura ta.